Yadda za ka horar da kanka fahimtar rubutun Ingilishi kafin jarrabawa, da labaran kimiyya da lafiya

Duk shekara, da zarar zafin bazara ya kama, sai ƴan ajin BEPC da ƴan bak, wato masu shirin jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare da ta babba, su fara sallama a ƙofar gidana bayan la'asar, kowa da kayensa a hammata, kukansu kuma ɗaya: "Mushe, kalmomin Ingilishi sun yi mana yawa." Shekarun da na yi ina koyar da wannan harshe a nan Maraɗi sun nuna mini cewa ba nan gizo ke saƙa ba. Yaron da ya yi shekara 10 ko 13 a lakwal yana karatu da Faransanci ya riga ya san manyan kalmomin kimiyya tun kafin a miƙo masa takardar jarrabawa. Infection, vaccination, parasite, transmission, temperature: wanne ne baƙo a cikinsu? Abin da ke kayar da shi ƙananan kalmomi ne, waɗanda ido ke tsallakewa don ba su da kwarjini, alhali su ne ke riƙe da ragamar maganar.

Wannan kamanni yana da tushe. A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a tsawon ƙarnoni, dubban kalmomi suka shige Ingilishi suka zauna. Daga baya malaman kimiyya na ƙasashen biyu suka riƙa ɗebo sunaye daga rijiya ɗaya, wato Latin da Girkanci. Shi ya sa rubutun kimiyya da na lafiya ya fi tatsuniya ko hirar kasuwa sauƙin shiga ga ɗan Nijar, kuma shi ya sa nake cewa da shi za ka fara. Bukatar ma ta ƙaru. Kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Katsina ga ta nan kusa ga mai niyyar zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, ko WAEC, ta kammala sakandare. Wanda kuma ya shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo don karatun likita ko na aikin gona zai tarar yawancin sabon bincike da Ingilishi ake buga shi.

Fara da abin da idonka ya taɓa gani

Mataki na farko shi ne zaɓen rubutu, kuma nan ne da yawa ke yi wa kansu illa. Za ka ga yaro ya ɗauko dogon bayani kan taurari ko kan ƙanƙarar ƙarshen duniya, harshe baƙo, magana baƙuwa, kaya biyu a ka ɗaya. Sauke ɗaya. Nemi rubutu kan abin da ka sani tun kana goye: masassarar cizon sauro da ke zuwa da damina, sanƙarau da ke biyo ƙura da zafi, amai da gudawa, tamowa, ƙyanda, sikila, hawan jini. Idan noma ya fi jan hankalinka, akwai rubuce-rubuce masu yawa da Ingilishi kan gonakinmu na nan. A jihar Maraɗi ne Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya fara aiki da manoma a 1983 kan barin kututturen itace su sake toho a gona, abin da muke kira sassabin zamani. Idan rubutu ya ce akwai itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ba sai an faɗa maka gawo ne ba. Sanin nan da ka zo da shi daga gida shi zai riƙe ka a inda kalma ta ɓace maka.

Ina za a samu? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da gajerun bayanai kan kowace cuta a shafinta na intanet, da Ingilishi da kuma Faransanci, kusan layi bisa layi. Wannan babbar garaɓasa ce gare mu, sai dai da sharaɗi: na Ingilishi za ka fara karantawa, na Faransanci sai ka gama aiki ka duba ko ka dace. Akwai labaran VOA Learning English da aka rubuta da sauƙaƙan kalmomi, akwai Wikipedia ta sauƙaƙan Ingilishi. Wanda ba shi da waya kada ya ce an bar shi baya. Takardar da ke cikin kwalin maganin da aka shigo da shi daga Najeriya rubutun lafiya ce cikakkiya, haka littattafan kimiyya na sakandaren can da ake samu wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Sama da duka, roƙi mushenku tsofaffin takardun jarrabawar shekarun baya.

Tsawon rubutun kada ya wuce kalma 150 zuwa 200 a makonnin farko. Kuma a kan takarda, ba a fuskar waya ba. Kai shi wurin fotokofi, ko ka kwafe shi da hannunka a kaye, don aikin da ke gaba na fensir ne.

Karatu na farko, ƙamus a rufe

Karanta take, ka tsaya ka tambayi kanka da Hausa: me na riga na sani kan wannan? Sannan ka bi rubutun tun daga sama har ƙasa ba tsayawa, ko ka gane ko ba ka gane ba. Minti biyu ya isa. Kife takardar, ka rubuta layi ɗaya tak da Hausa kan abin da ake magana. Daga nan ka karanta tambayoyin, ka san abin da za ka je nema.

Karatu na biyu, inda aikin yake

Ga ɗan rubutu da na tsara wa ɗalibaina, mu yi aikin tare a kansa:

"Malaria is caused by a parasite which enters the blood through the bite of a female mosquito. Although the disease occurs all year round in some regions, in the Sahel most cases are recorded during and shortly after the rainy season. For this reason, health workers give young children preventive medicine once a month at that time, whether or not they are ill. The drugs do not protect a child for life. However, they greatly reduce the risk of severe illness, unless doses are missed."

Ka san wannan aiki. Ka ga ma'aikatan lafiya suna bin gida gida da damina suna ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 don ƙasashen Sahel. To ɗauki fensir. Alama uku za ka yi, ba ƙari.

Ta farko, ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ka gane ta hanyar Faransanci: parasite, regions, cases, season, reason, preventive, protect, reduce, risk, severe, doses. Dubi yawan layukan. Na sha ganin fuskar yaro ta saki a daidai wannan wuri, don ya ga rabin gonar ashe an riga an nome masa.

Ta biyu, kewaye kalmomin da ke juya magana. Su ne although, for this reason, whether or not, however, unless. A nan nake so ka daɗe. "Although" daidai take da "ko da yake": tana gaya maka cewa abin da ke biye da ita ba shi ne zancen ba, zancen yana bayan waƙafi. Marubucin bai damu da yankunan da cutar ke shekara ba, Sahel yake son ka duba. "For this reason" igiya ce da ta ɗaure sababi da sakamako, duk tambayar da ta fara da "why" amsarta na gab da irin wannan igiya. "Whether or not" na nufin ko da ciwo ko babu. "However" ita ce "amma" mai nauyi, tana rushe zaton da jimlar baya ta gina. Ita kuwa "unless", wadda ta fi kowace cin maki a hannun yaranmu, ma'anarta "sai dai in". Maganin na rage haɗari, sai dai in an tsallake shan wani zagaye. Wanda ya karanta ta kamar "if" ya kifar da maganar gaba ɗaya, ya ce maganin na aiki idan an tsallake.

Waɗannan kalmomi ba su da yawa. Ware musu shafin farko na kayenka, ka raba su gida gida. Gidan saɓani: but, however, although, despite, whereas, yet. Gidan sababi: because, since, due to, therefore, thus, as a result. Gidan sharaɗi: if, unless, provided that, as long as. Gidan ƙari: moreover, besides, in addition. Ba su kai 40 ba duka, amma wanda ya riƙe su ya fi wanda ya haddace sunayen cututtuka 400.

Alama ta uku kibiya ce. Duk inda ka ga it, they, this, which, ko those, ja kibiya zuwa ga abin da take wakilta. A rubutunmu "they" ta fito sau biyu. Ta farko yara ce, don su ne ke iya rashin lafiya. Ta biyu magunguna ce, don su ne ke rage haɗari. Masu tsara jarrabawa na son wannan tambaya ƙwarai, kuma hanyar gwaji ɗaya ce: cire wakilin, sa sunan a gurbinsa, karanta jimlar. In ta zauna daidai, ka samu.

Sai bayan alamomin nan uku za ka waiwayi kalmomin da suka rage ba ka sani ba. Kafin ka taɓa ƙamus, yi hasashe daga maƙwabtansu. "The bite of a female mosquito": me sauro ke yi wa mutum in ba cizo ba? Rubuta hasashenka a gefe, sannan ka duba. Ranar jarrabawa babu ƙamus, wannan hasashe shi ne ƙamus ɗinka, don haka tun yanzu za a fara wasa shi.

Jerin sunaye, daga dama ake kwance shi

Akwai wani ginin Ingilishi da ke rikita Bahaushe da mai Faransanci baki ɗaya, kuma rubutun kimiyya cike yake da shi. Mu muna fara faɗin abu sannan mu siffanta shi: ruwan sha, gidan sauro. Faransanci ma haka, eau potable. Ingilishi kuwa yakan tara sunaye a jere ya ajiye uban tafiyar a ƙarshe. Idan ka ci karo da "mosquito net distribution campaign", kada ka fara daga sauro. Je ƙarshe ka dawo da baya: gangami, na rabo, na gidan, sauro. "Child death rate" adadi ne, na mutuwa, ta yara. "Drinking water supply" samarwa ce, ta ruwan sha. Kwana uku kana wannan atisaye za ka ga jimlolin da ke ba ka tsoro sun fara kwancewa da kansu.

Doguwar jimla kuma, nemi aikatau nata tukuna, sannan ka tambayi wa ya yi, ko me aka yi wa. Abin da ke tsakanin waƙafi biyu, ko wanda ya fara da which ko who, rufe shi da yatsa ka karanta sauran. Ka lura da "is caused by" da "causes", don ɗaya kan gaba yake tafiya ɗaya kan baya. Sauro ba masassara ce ta kawo shi ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Faransancin da ya taimake ka yana da inda zai yaudare ka, kuma gara mu faɗa tun yanzu. "Pain" a Ingilishi ciwo ne, ba burodi ba. "Drug" a rubutun lafiya yawanci magani ne na asibiti, ba ƙwaya ba. "Injury" rauni ne, ba zagi ba. "Physician" likita ne, ba masanin fizik ba. "Medicine" magani ne ko ilimin likitanci, ba shi likitan ba. "Actually" na nufin a haƙiƙa, ba a halin yanzu ba. "Eventually" na nufin daga ƙarshe abin ya faru, babu shakka a ciki, saɓanin éventuellement. "Sensible" mai hankali ne. "To attend" halarta ce, ba jira ba. Ƙa'idata ga ɗalibai ita ce, ka amince da kamanni har sai jimla ta ƙi zama. In ma'anar ta fito bambaraƙwai, koma ka tuhumi kalmar da ka fi sakankancewa da ita.

Lambobi ma suna da nasu tarko. Inda muke rubuta 37,5 su 37.5 suke rubutawa, kuma 2,500 a wurinsu dubu biyu da ɗari biyar ne, ba biyu da rabi ba. "Billion" shi ne milliard. "Fell by 10 percent" raguwa ce da kashi 10, "fell to 10 percent" kuwa saukowa ce har zuwa kashi 10, tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. "One in five" ɗaya cikin biyar.

Amsa tambaya

Babban kuskuren yaro mai ƙoƙari shi ne amsawa daga kansa. An tambaye shi yadda ake kare yara daga masassara "according to the text", sai ya zuba bayani mai kyau kan gidan sauro da share kwata. Gaskiya ya faɗa, amma rubutun bai ambaci gidan sauro ba, mai gyara kuma ba zai ba shi komai ba. Abin na yi mini ciwo duk lokacin da na gani, don ilimin yana nan, wurin ajiye shi ne aka kuskure. Sanin da ka zo da shi daga gida fitila ce ta gane hanya, amsa kuwa daga cikin takarda take fitowa. Kowace amsa ka rubuta, ɗora yatsa kan layin da ya ba ka ita. In babu layi, babu amsa.

A tambayar gaskiya ko ƙarya, ido kan kalmomin awo. Rubutu ya ce "most cases", tambaya ta ce "all cases": ƙarya ne. Rubutu ya ce "may cause", tambaya ta ce "always causes": ƙarya ne. Idan aka ce "Only sick children receive the medicine", hujjarka tana cikin "whether or not they are ill", ita za ka kwafo in an nemi dalili. Ka riƙe cewa "few" kusan babu ne, "a few" kuwa akwai ɗan dama, "hardly" kuma ba ta da dangantaka da ƙoƙari, ma'anarta da ƙyar.

A tambayar zaɓi, fara da zubar da biyun da ƙaryarsu ta fito fili. Cikin biyun da suka rage, yi hattara da wadda ta kwafo kalmomin rubutun tiryan tiryan, don sau da yawa amsar gaskiya da wasu kalmomi take zuwa: rubutu ya ce "reduce", amsa ta ce "lower". Inda aka ce ka amsa da kalmominka, jimla ɗaya gajera mai aikatau daidai ta fi layi huɗu da aka kwafe.

Kayen kalmomi

Kada ka cika shi da manyan kalmomin da Faransanci ya riga ya ba ka. Gajerun nan su ne abin farauta: liver hanta, kidney ƙoda, lung huhu, skin fata, bone ƙashi, cough tari, measles ƙyanda, drought fari, soil ƙasar noma, yield amfanin da gona ta bayar. Haka aikatau masu wutsiya, irin su break out don ɓarkewar annoba, carry out don gudanar da aiki, wipe out don kawar da abu ƙaf. Kowace kalma ka rubuta ta tare da jimlar da ka tsince ta a ciki, da ma'anarta da Hausa, da danginta: prevent, prevention, preventive. Kalma 8 a rana ta wadatar. Ka kuma koyi gutsattsarin da ke maimaituwa. Wutsiyar itis kumburi ce, shi ya sa meningitis da hepatitis suka yi tarayya a kanta. Borne na nufin abin da ya ɗauko cutar, waterborne ta ruwa, airborne ta iska. Less rashi ne, harmless marar cutarwa.

Idan hannunka ya fara faɗawa, ƙaro labaran tarihin kimiyya, don suna koya maka bin lokaci da jerin aukuwa. Karanta yadda likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar masassara cikin jini a Aljeriya a 1880, da yadda Ronald Ross ya gano ta cikin sauro a Indiya a 1897. Karanta yadda John Snow ya bi sawun kwalara har zuwa famfon ruwa ɗaya a Landan a 1854, ko yadda Alexander Fleming ya lura da penisilin a 1928. A irin waɗannan, ja layin shekaru a gefen takarda ka jera abin da ya riga wani, ka kula da "had discovered", wadda ke nuna abin ya faru tun kafin lokacin da ake ba da labari.

Mayar da shi Hausa da baki

Wannan mataki ba na yarda a tsallake shi. Bayan ka amsa tambayoyi, rufe takardar ka je ka faɗa wa wani abin da ka karanta, da Hausa, ba tare da cusa kalmar Ingilishi ko ta Faransanci ba. Inna tana tankaɗe, ka ce mata, "Inna, kin san dalilin da ya sa ake ba su Ƙanwa maganin nan ko lafiyarsu lau?" In ka iya kai bayanin ƙarshe ta gamsu, ka fahimta. In ka tsaya kana "wato, wato", koma wurin da ka tsaya, nan ramin yake. Abu ɗaya dai, karatun jarrabawa bai mai da kowa likita ba, mai ciwo asibiti za a kai shi.

Samari masu zaman fada, ku mai da zama ɗaya a mako na wannan aiki. Kafin shayi na farko ya nuna kowa ya karanta rubutu ɗaya, a na biyu kowa ya tsara wa ɗan'uwansa tambaya biyu, a na uku a yi gardamar amsa, kowa da yatsa kan layinsa. Ƴan mata ma haka, ku uku ko huɗu a tsakar gida bayan an sauke tukunya. Wanda ya taɓa haƙa wa abokinsa ramin "most" da "all" da wuya ya faɗa cikinsa ranar jarrabawa.

Agogo

Ba a fafe gora ranar tafiya. In saura wata uku, wata na farko ka yi shi ba agogo, rubutu ɗaya a rana, na tsawon minti 30 bayan sallar asuba kafin gari ya ɗau zafi. A wata na biyu ka tsawaita rubutun zuwa kalma 300 ko 400, ka fara duba lokaci. Wata na uku na tsofaffin takardun jarrabawa ne, a zaune kan tebur, ba waya ba ƙamus, cikin daidai lokacin da za a ba ka a ɗakin jarrabawa. Mai shirin JAMB ya sani tambaya 60 ce ta Ingilishi cikin 180 da zai amsa a awa 2 gaban kwamfuta, don haka shi sai ya haɗa da saba wa idonsa karatu a allo. Mai hangen IELTS, jarrabawar Ingilishi ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, shi kuma rubutu 3 ne da tambaya 40 cikin minti 60.

Duk takardar da ka gyara, kada ka tsaya kan makin. Kowace amsa da ka faɗi, rubuta dalilin a gefenta da jan bik: kalmar juyi ce na tsallake, ko kibiya ce ta nufi wurin da ba nata ba, ko daga kaina na amsa, ko lokaci ne ya ƙure. Ranar Lahadi ka ƙirga wane dalili ya fi yawa, shi ne aikinka na mako mai kamawa. Tambayar da ta ƙi ci a ɗakin jarrabawa, yi mata ɗigo ka wuce, ka dawo mata in ka gama sauran, ka kuma bar minti 5 na ƙarshe don duba s ɗin da ke ƙarshen aikatau da lambobin amsoshi. Daren jarrabawa kada ka buɗe sabon rubutu. Shafin farko na kayenka kawai za ka bi sau ɗaya, daga although zuwa unless, ka ajiye bik biyu da fensir da katinka wuri ɗaya, ka kwanta da wuri.